Malam Maharazu da Shafin Godiya

Ni ba marubuciya ba ce. Ma'aikaciyar kotu ce, shekara goma sha tara ina rubuta abin da wasu suka faɗa a gaban alƙali. Sunana Lauratu, haifaffiyar Sabuwa, aure ne ya kawo ni Ƙanƙara. Ana cewa ina da baki, ban kuma musa ba. Amma akwai mutum guda a garin nan da bakina bai taɓa samun abin kamawa a jikinsa ba sai sau ɗaya tak, kuma wannan ɗin ma da hannuna dumu-dumu a ciki. Malam Maharazu mai kafe, wato shagon intanet, ke nan, labarinsa zan ba ku.

Ɗan 'Yargoje ne, ɗan Malam Jabiru manomi. Na san shi tun yana zama a gindin darbejiyar bakin kotu da tsohuwar tafireta, yana buga wa mutane takardar rantsuwa. Siriri ne mai doguwar fuska, maganarsa a hankali, in kana sauri sai ya ba ka haushi. Sakandare kawai ya gama. Da kwamfuta ta shigo gari, abokan sana'arsa suka yi ta tsine mata, shi kuwa ya tafi Funtuwa ya yi wata shida ya koyo ta. Ya dawo ya kama ɗan shago kusa da tasha, ya zuba kwamfuta biyu da firinta guda, ya ɗora sola a kan rufi, ya shimfiɗa buzu a lungu don salla.

Abin da ya fito da sunansa kuwa mu ne, tsofaffin ɗalibai. A shekarun nan da ɓarayin daji suka hana mu sakat, kowa ya ruga karatun nazarin laifuka da tsaro a jami'ar da ake karatu daga gida: 'yan sanda, gandirobobi, ma'aikatan kotu irina, kowa na neman ƙarin girma. Darasi ba ya ba mu wuya. Inda ake kuka shi ne kundin kammalawa, domin malami zai ce duk maganar da ka rubuta sai ka nuna inda ka samo ta. To ina za mu samo? Laburaren da ke kusa da mu ko ɓera ya daina zuwa. Sai intanet, intanet kuma sai Malam Maharazu.

Ba ya sayar da dafaffe, wannan kowa ya sani. In ka je ka ce ya ba ka kundin wani ka canza suna, sai ya cire tabarau ya dube ka har sai ka ji kunya da kanka. Abin da yake yi shi ne ya zaunar da kai kusa da shi ya ce, "Mi kake nema takamaimai?" Sai ya shiga lalube. Ya san mujallun jami'o'i da ake karantawa kyauta, ya san ma'ajiyar da jami'o'i ke zuba kundayen ɗalibansu, ya san inda ake samun dokokin laifuka da hukunce-hukuncen manyan kotuna. In kalma ba ta fito da komai ba sai ya canza wata, ya sake canzawa, bai gajiya. Duk takardar da ta fito kuma sai ta amsa tambaya ukku kafin ya bari ka taɓa ta: wa ya rubuta, wace shekara, shi kuma a ina ya samo. Na sha ganin sufeton 'yan sanda guda da ƙaton cikinsa yana zaune shiru kamar ɗan firamare, Malam Maharazu na ce masa, "Ranka ya daɗe, wannan dusa ce, bari mu nemi tsaba."

Yana da wani ɗan akwatin ajiya baƙi da yake jonawa a kwamfuta, shi yake kira rumbu. Duk abin kirkin da ya taɓa saukewa yana ciki. Ƙa'idarsa guda ce, irin ta manoma: wanda aka ba iri, in ya girbe ya mayar da iri. Duk ɗalibin da ya gama zai bar kwafin kundinsa a rumbu don na baya su ga yadda ake yi. Babu wanda ya taɓa ganin aibun wannan, ni ma ban gani ba.

Ni abin da na zaɓa na rubuta a kai shi ne bin sawu. Yaran yanzu ba su san shi ba. A da, in aka kore wa mutum shanu, ba ofishin 'yan sanda ake fara zuwa ba, mai bin sawu ake kira. Zai bi kofato daga bakin turke, gona bayan gona. In sawun ya shiga wani ƙauye, dole mai unguwar ya fito da mutanensa su nuna inda ya fita ta ɗaya gefen, shi ake kira fitar da sawu. In sun kasa, to laifin ya zauna a kansu. Na ce wa kaina wannan ai shari'a ce sukutum, me zai hana a rubuta ta?

Sati biyu Malam Maharazu yana nema mini. Ya samo na makiyayan gabashin Afirka, ya samo tsofaffin rahotannin zamanin Turawa, ya samo lissafin shanun da aka sace a jihohi. Amma na ƙasarmu, yadda ake yi da wanda ke yi, ko layi ɗaya babu. Ranar da haƙurina ya ƙare na ce, "Haba Malam, duk cika bakin da ake yi da kai?"

Bai yi fushi ba. Ya ce, "Hajiya, abin da kike nema bai hau ba tukuna. Shina cikin kan tsofaffi. Amma na san guda."

Wanda ya sani ɗin shi ne Baba Ɗanlahadi. A wajensu duk wanda aka haifa ran Lahadi sunansa ke nan, don haka ban tona komai ba. Sunan mahaifinsa da na ƙauyensa kuwa ba za ku ji su a bakina ba, iyaka dai can bayan Ruwan Godiya yake, a ƙasar Faskari. Bamaguje ne, ɗansa Yusufu na zuwa coci, shi kuwa yana kan abin da ya tarar da iyayensa. Lokacin da Malam Maharazu na ƙarami an taɓa kore shanun huɗar mahaifinsa guda biyu ana gab da shuka, aka aika aka ɗauko Baba Ɗanlahadi. Kwana biyu ya yi yana bi a ƙasa, ya dawo da su duka biyun. Malam Maharazu ya ce ba don shi ba da a shekarar nan gidansu ya watse, kuma tun daga lokacin duk kaka Malam Jabiru sai ya aika masa da dami.

Sau ukku muka je wajensa. Gajeren tsoho ne, ƙafafunsa duk kaushi, ga barkwanci. Ya nuna mini yadda ake gane saniyar da ake kora da wadda ke tafiya don kanta, da yadda ake kife sakaina a kan sawu mai kyau don kada awaki su tattake shi. Ya ce sawu bai wuce kwana ukku, ruwa ɗaya ya ishe shi, shi ya sa mai bi ba ya tsayawa cin tuwo. A zuwa na ukku, da ya saki jiki da ni, ya ba ni labarin da bai kamata ya fita daga bakinsa ba. Ya ce a daminar da ta wuce ya bi sawun shanun da ɓarayin daji suka kora, ya ga sun tsaya bayan wani gida an ba su ruwa, ya je ya faɗa wa 'yan sa-kai a asirce. Aka kama mai gidan, ashe infoma ne, shi ke kai wa ɓarayi labarin wanda ya sayar da hatsi da wanda ya sayi sa. Har ranar babu wanda ya san bakin da maganar ta fito.

Na sa labarin a babi na huɗu, na kuma yi yadda aka koya mana: babu suna, babu ƙauye, sai "mai amsa tambaya na ukku". Da na gama na kai wa Baba ya gani, don alkawari ne. Ya juya kundin a hannu, ya auna nauyinsa, ya ce, "To ɗiyata, ina sunana?"

Na ce, "Baba, ba a sa suna."

Ya ce, "Ba a sa suna? Ni shege ne? Na ba ki abin da ubana ya ba ni, ki kai wa malamanku su ce daga sama ya faɗo?"

Wallahi kunya ta kama ni har tafin ƙafa. A gidanmu ba a cin tuwon mutum a fita ba a ambaci sunansa ba. Sai na ce a raina babi na huɗu na jami'a ne, amma shafin godiya nawa ne, babu malamin da ke duba shi. Na dawo na sa Malam Maharazu ya ƙara layi ukku a shafin godiya: cikakken sunan Baba, da na mahaifinsa, da ƙauyensa, "gwanin bin sawu, wanda ya buɗe mini abin da idonsa ya gani". Shi ya buga da hannunsa, har yana cewa, "Kin kyauta, Hajiya, ya cancanta." Mu biyu, mai shekara sha tara a kotu da mai tace tsaba da dusa, babu wanda ya tsaya ya haɗa shafin nan da babi na huɗu a ransa. Na ci jarrabawa. Ya ce, "In sa a rumbu?" Na ce sa mana.

Abin da ban sani ba shi ne rumbun na da ƙofar baya. Akwai wani shafi a intanet da ke aiki da musaya: in kana son sauke takarda, sai ka ɗora masa wata tukuna. Shekaru Malam Maharazu na ɗora tsofaffin kundayen rumbu yana sauke wa sababbin ɗalibai abin da suke bukata. A wajensa duk mayar da iri ne. Nawa ya ɗora a watan Yuni, don ya samo wa wani gandiroba mai suna Salahuddeen takarda a kan gyaran halin fursunoni.

Wannan duk a 2021 ne, shekarar da aka yanke mana sabis saboda ɓarayi. Daga watan Satumba babu kira, babu saƙo, wayoyi suka koma tocila. Shagon Malam Maharazu ya koma buga takardu da abin da ke cikin rumbu kawai. Wata ranar Talata da hantsi ina shagon, sai ga Salahuddeen ya dawo daga Zariya, yana washe baki, da takardu a hannu.

Ya ce, "Hajiya, kin zama babbar malama! Na shiga kafe a Zariya ina neman abu a kan satar shanu, na farko da ya fito naki ne."

Ya miƙo mini. Shafi na huɗu, ga sunan Baba nan ɓaro-ɓaro, da na ubansa, da ƙauyensa. Sai a lokacin kaina ya yi aikin da ya kamata ya yi tun wata shida baya. Duk wanda ya karanta godiyar ya kuma karanta babi na huɗu ya san wanda ya sa aka kama infoman nan. Ɓarayin daji ba su karanta Turanci, gaskiya ne, amma masu yi musu leƙen asiri a gari akwai masu difloma a cikinsu, na gan su da idona a gaban alƙali.

Abin da na faɗa wa Malam Maharazu a ranar ba zan maimaita ba, Allah ya yafe mini. Na ce masa maci amana, na ce wa ya ba shi izini, na ce in wani abu ya sami tsohon nan jininsa na wuyansa. Mutane suka taru a ƙofa. Bai ce ni na kawo sunan ba, ko da yake ni na kawo. Ya tashi ya naɗe buzunsa, ya sa kwamfutar hannu a jaka, ya kulle shago, ya nufi tasha. Sai da ya je har Gwarzo, cikin jihar Kano, kafin ya sami sabis.

Washegari da la'asar ya zo ƙofar gidana, ya yi sallama da maigidana, aka kira ni zaure. Idonsa ya faɗa. Ya ce, "Na cire wanda na ɗora. Amma kafin in cire, mutum sittin da ukku sun sauke."

Na ce, "Su wa?"

Ya ce, "Ba a nunawa." Sannan ya ƙara, "Akwai wanda ya fi wannan. Masu sayar da kundaye sun kwafe shi, a shafukan intanet biyu na gan shi. Su kuma shafukan farko suke bajewa kyauta don jan mai saye. Godiyar na ciki. In ka rubuta sunan Baba, ita ke fara fitowa."

Ya aika musu saƙo tun a can. Ɗaya ya cire bayan sati. Ɗayan ko uffan, ba a san mai shi ba, ba a san garin da yake ba.

Ni shawarata ita ce mu yi shiru, kada mu ɗaga wa tsoho hankali a kan abin da wataƙila ba zai faru ba. Malam Maharazu ya ce, "Hajiya, ransa ne. Ba mu za mu yanke mishi ba." Babu waya, don haka ranar kasuwa muka bi mota har Ruwan Godiya, sauran muka taka da ƙafa. Muka iske shi a gona da safe, dawa ta fid da kai ta fi mutum tsawo, yana zagayawa yana ɗaure wadda iska ta kwantar. A tsakiyar gonar akwai tsamiya, a gindinta aka binne mahaifinsa da kakansa.

Malam Maharazu ya durƙusa har ƙasa, ya faɗi komai, bai rage ba, bai kuma ambaci laifina ba sai da na ambata da kaina. Baba ya saurara yana murza ganyen dawa. Da aka gama ya ce, "Karanta mini in ji." Malam Maharazu ya fito da shafin godiyar, ya karanta layi ukkun nan ya fassara. Tsohon nan ya yi murmushi, wallahi murmushin jin daɗi, ya ce, "Har da sunan ubana. Madalla." Sannan ya gyara zama, fuskarsa ta canza, ya shiga tambaya irin ta aikinsa.

"Mutum nawa suka ɗauka?"

"Sittin da ukku, Baba, waɗanda muka sani."

"Ina suka nufa da shi? Gabas ko yamma?"

"Ba a sani ba."

"Ba a bin su?"

"Ba a iya bi."

"To shi wanda ya rage, kwana nawa yake yi ya goge?"

Malam Maharazu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba ya gogewa da kanshi, Baba. Sai mai wurin ya cire."

Baba ya jima yana kallon tsamiyar. Ya ce shi kam ya ci zamaninsa, in don ta shi ne ko taku ɗaya ba zai yi ba. Matarsa Asibi, da ta kawo mana ruwa ta tsaya a gefe, ta ce, "In sun zo nemanka kai kaɗai za su tarar?" Jikoki bakwai ne a gidan. Ya dubi Malam Maharazu ya ce, "Ɗan Jabiru, zan tahi wurin Yusufu a Funtuwa in zamna. In ba ni nan, ba su da abin nema a gidan nan. Ranar da ya goge ka zo ka faɗa mini da bakinka, in dawo."

Kwana huɗu bayan nan ya tafi, ya ce wa maƙwabta asibiti za shi. Dawar da ya ɗaure wasu ne suka girbe ta.

Yusufu gadi yake yi a wani kamfanin auduga, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida na siminti a gidan haya. Nan aka ajiye mutumin da bai taɓa kwana bakwai a jere nesa da gonarsa ba. Duk farkon wata Malam Maharazu sai ya rufe shago ya je, da ɗan goro da taba gari. Tun daga ƙofa Baba zai ce, "Ya goge?" Shi kuma ya ce, "Shina nan, Baba." Sai su yi hirar damina da farashin taki, ya dawo.

Da aka maido sabis a ƙarshen shekara, abin ya zame masa kamar wuridi. Kullum ya buɗe shago, kafin ya saurari kowa, sai ya rubuta sunan Baba ya duba. Ya aika wa masu shafin nan saƙo har ya daina ƙirgawa, na lallashi, na roƙo, da wanda ni na tsara masa da yaren kotu. Ya nemo inda ake kai ƙorafi don a ɓoye abu daga masu nema, ya cike takardunsu, suka ce ba su ga hujja ba. Ya bi duk kundayen da ya taɓa ɗorawa ɗaya bayan ɗaya ya cire, ya daina musayar nan gaba ɗaya, ko da yake hakan ya sa wasu takardun sun fi ƙarfinsa, wasu ɗalibai kuma suka koma wajen masu sayar da dafaffe. Duk wanda ya kawo kundi a buga, shafin godiya yake fara buɗewa. In ya ga sunan ɗan ƙauye sai ya ce, "Wannan ya san inda takarda ke zuwa?" An sha yi masa tsiwa a kan haka. Wata matashiya ta ce masa kakanta ne, ina ruwansa. Ya ce, "Je ki gode mishi a gida, ki kai mishi goro. A nan ki rubuta wani dattijo."

Damina ta sake zagayowa. Babu wanda ya je ƙauyen neman Baba, ko tambaya ba a yi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai, domin ba mu san ko tafiyarsa ce ta tsare gidan ba, ko kuwa babu wanda ya taɓa karanta shafin da mugun nufi, mun tumɓuke tsoho a banza.

A wata na goma sha ɗaya da tafiyar Baba na bi Malam Maharazu Funtuwa. Abin da na gani ya tsorata ni. Baba ya zube, ƙafafun nan masu kaushi sun yi laushi sun kumbura. Yusufu ya ce likita bai ga wata cuta ba, abinci ne ba ya ci. Ya ce da safe yakan fita bakin titi ya tsaya yana kallon ƙasa, ya dawo ya ce garin nan duk sawun taya ne. Da muka fito na tare Malam Maharazu a bakin mota.

Na ce, "Wata mai zuwa ka ce masa ya goge."

Ya ce, "Bai goge ba."

Na ce, "Na sani! Shekara guda babu abin da ya faru. Wa zai duba? Shi zai duba? Ka bar tsoho ya je ya mutu a gidansa mana!"

Ya ce, "In na faɗa ya koma, suka zo, da yaran nan bakwai a gida?"

Na ce, "In ba su zo ba fa? Ka kashe shi da gaskiyarka."

Ya ce, "Hajiya, sau ɗaya na yanke hukunci a kan ransa ban tambaye shi ba. Ba ni ƙarawa. Gaskiya zan faɗa mishi, in ya ga zai koma a haka, ni zan raka shi."

Ya kuma faɗa masa, har da cewa shekara ta wuce lafiya, har da abin da ni na ce a yi. Baba ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata mai baki." Sannan ya ce mai bin sawu ba ya cewa sawu ya ɓace alhali yana kallonsa, zai jira. Na yi fushi da su duka biyun, wata biyu ban taka shagon ba. Har yau in na zauna ni kaɗai ban san wanda ke da gaskiya tsakanina da Malam Maharazu ba, kuma na gaji da tambayar kaina.

Baba Ɗanlahadi ya rasu a wata na goma sha huɗu da barinsa gida, da sanyin safiya. Yusufu ya so ya kai shi gindin tsamiya, amma a satin hanyar ba ta biyuwa, direbobi suka ƙi. A Funtuwa aka binne shi, a bayan gari, cikin mutanen da bai sani ba. A aljihun rigarsa aka sami shafin godiyar nan da Malam Maharazu ya karanta masa a gona, a ninke, ya yi baƙi don taɓawa.

Na ɗauka daga nan Malam Maharazu zai daina dubawa. Bai daina ba. Kwana tara bayan binnewa na biyo ta shagon da safe zan wuce kotu, na gan shi zaune gaban kwamfuta, tabarau a hannu, ɗalibai biyu na jira bai ko dube su ba. Na leƙa. Ya rubuta sunan, babu abin da ya fito. Shafin masu sayar da kundayen ya mutu gaba ɗaya, ba don saƙonninmu ba, haka kawai, wataƙila mai shi ya sami wata sana'ar.

Ya ba ɗaliban haƙuri, ya kulle shago. Ban tambaye shi inda za shi ba, na aika kotu cewa ba ni zuwa, na bi shi tasha. Muka shiga motar Funtuwa. Yusufu ya raka mu bayan gari ya nuna mana wurin, ƙasar ko bushewa ba ta gama yi ba. Ni na tsaya daga nesa. Malam Maharazu ya cire takalmi, ya matsa, ya durƙusa kamar yadda ya durƙusa a gona ranar nan, ya ce a hankali, da wannan muryar tasa mai ba mai sauri haushi:

"Baba, ɗan Jabiru ne. Ka ce in zo in faɗa maka da bakina. Ya goge."